Gasasshen burodi da cukun madara: karin kumallo cikin minti 20

  Ina magana da ku ne daga nan Jahun, Jihar Jigawa. Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin saboda waɗanda datarsu ba ta isa sauraren murya ba.

Yau maganar karin kumallo za mu yi. Ina so in nuna muku yadda ake tsinka madara a gida ta zama cuku mai laushi, a ɗora shi a kan gasasshen burodi, yara su ci su tafi makaranta, duka a cikin minti 20. Amma bari in fara da abin da ya kai ni ga wannan girki.

'Yata ta biyu tana aji uku na firamare. Wata rana malamarsu ta tare ni ta ce, "Maman yara, yarinyar nan fa da ƙarfe goma ta yi sai ta kifa kai a benci. Tana karyawa kuwa?" Wallahi na ji kunya. Na ce tana karyawa mana, kullum shayi da burodi. Ta yi murmushi ta ce, "Shayin da madara ko ruwan bunu?" Sai na yi shiru, don gaskiya tun da madarar gwangwani ta yi tsada, ruwan bunu ne da sukari, sai yankan burodi biyu.

To kin ga, uwargida, burodi da sukari duk abu ɗaya suke yi a jiki. Suna ba da ƙarfi nan take, sannan su ƙare nan take. Abin da ke riƙe ciki ya daɗe shi ne abinci mai gina jiki, irin ƙwai, wake, gyaɗa, kifi, nama da madara. Hausawa sun ce sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Yaron da cikinsa ke kuka ba ya jin lissafi.

Ana cikin haka ƙanwata ta turo mini wani bidiyo na TikTok, wata Baturiya tana shafa wani farin abu mai gudaji-gudaji a kan burodi. Tun wajen 2023 abin ya zama yayi a Amurka. Sunan da suka ba shi da Turanci, ma'anarsa cukun bukka, wato cukun da matan ƙauye ke yi a gida da ragowar madara. Na ce ikon Allah, mu da muke zaune tsakiyar rugage, shanu suna wuce mu safe da yamma, mu ne za mu tsaya kallon wannan a waya?

Kafin mu shiga kicin, bari in warware wani ruɗani, don da na fara ba maƙwabta sai suka ce ai awara ce. Awara da waken suya ake yin ta, a jiƙa, a markaɗa, a tace, a dafa ruwan, a zuba ruwan tsami ya dunƙule. Wannan kuwa da nonon saniya ne. Dabarar dai guda ce, shi ya sa duk macen da ta iya awara ta riga ta iya rabin aikin nan. Akwai kuma cukun da ake kawowa daga Nijar, wanda Buzaye da Fulani ke shanyawa ya bushe ƙamas kamar faifai, ana cin sa da shayi ko a daka shi cikin fura. Shi an busar da shi ne don ya yi watanni. Namu na yau ɗanye ne, mai laushi, na ci yanzu. Fulanin da ke zaune a Kwara da Oyo suna yin irinsa, Yarbawa na ce masa wara, a Jamhuriyar Benin kuma wagashi. Indiyawa ma suna da nasu, panir, wanda suke sawa a miya. Kin ga ke nan ba baƙon abu ba ne, mu ne dai a nan ba mu saba ɗora shi a kan burodi ba.

Me ke faruwa idan madara ta tsinke? A cikin kowace lita ɗaya ta madarar saniya akwai sinadarin gina jiki kimanin giram 33. Kusan kashi 80 cikin 100 na wannan sinadari nau'i ɗaya ne da masana ke kira kesin, shi ne ma yake sa madara ta yi fari. Yana yawo ne a cikin ruwan a warwatse. Da zarar tsami ya shiga, sai ya daina gudun juna, ya haɗu ya dunƙule, ya kamo maiƙon madarar ya riƙe. Zafi kuma yana sa abin ya yi sauri. Dunƙulen shi ne cuku, ruwan da ya rage kuma mai ɗan launin ɗorawa-ɗorawa shi ne tsarari. Daga lita ɗaya za ki samu cuku kamar giram 150 zuwa 200, wato cikin ƙaramin kofi, kuma abin gina jikin da ke ciki ya kai na ƙwai huɗu. Wannan ya ishi yara uku su shafa a burodi.

Yanzu ga hanyoyi uku. Kowace ta duba wadda ta dace da gidanta.

Hanya ta farko, da sabuwar madara. Ki tanadi lita ɗaya, lemon tsami biyu ko uku, gishiri, tukunya mai tsabta, rariya, da ƙyallen tata irin na koko. Ki tace madarar tukuna saboda gashi da ƙura. Ki ɗora a wuta kina juyawa don kada ta kama. Ki bar ta ta tafasa sosai har ta taso, sannan ki sauke. Ki ba ta kamar minti 2 ta ɗan huce. Sai ki riƙa zuba ruwan lemon tsami cokali ɗaya-ɗaya, kina juyawa a hankali, cokali 2 zuwa 3 na cin abinci yawanci sun isa. Za ki ga ta fara yankewa, fari gefe, ruwa gefe. Da kin ga ruwan ya daina fari ya koma garau, ki tsaya, kada ki ƙara tsami. Ki rufe ki bar ta minti 5. Daga nan ki shimfiɗa ƙyalle a rariya, ki juye, ki bar shi ya tsane minti 5. Kada ki matse shi da ƙarfi kamar awara, laushin nan muke so. Ki sa ɗan gishiri, in kina da kindirmo ki zuba cokali biyu ki cuɗa, zai yi santsi ya shafu.

In babu lemon tsami, jiƙaƙƙiyar tsamiya tana yi, sai dai cukun zai ɗan yi duhu. Ruwan tsamin koko da masu awara ke amfani da shi ma yana yi.

Amma akwai matsala da wannan hanya, kuma duk mutumin Jahun ya san ta. Fulani da safe suke tatsa. Kafin mai nono ta taso daga rugarsu ta bangaren Aujara ko Harbo ta shigo gari, hantsi ya dubi ludayi, yara sun daɗe a aji. Mu kuma firji, ko akwai shi, wutar ce sai a hankali. To wannan hanya ta fi dacewa da Asabar da Lahadi, ko gidan da ke da saniya ko akuya a turke.

Hanya ta biyu, ita ce tawa ta kullum, da kindirmo. Kindirmo madara ce da aka dafa, aka sa mata ɗan iri, ta kwana ta yi barci. Wato tsamin ya riga ya shiga da kansa, ba kya buƙatar lemo. Abin da nake yi shi ne, in na sayi madara da rana sai in tafasa ta nan take, in bar ta ta huce har ta koma ɗumin jiki, in zuba cokali biyu na kindirmo mai kyau, in rufe in ajiye. Zuwa asuba ta kama. Bayan na idar da sallah sai in juye a tukunya, in ɗora a wuta kaɗan-kaɗan, ba na juyawa da yawa. Da ta yi zafin da yatsa zai iya shiga ya fito da sauri, za ki ga tsarari ya taso, farin ya tattaru. In sauke, in tace, in sa gishiri. Wannan ya fi na lemo laushi da ɗanɗano, kuma shi ne ya fi kama da na Turawan, don su ma da iri suke tsinka nasu. Abin kiyayewa ɗaya ne, in kika bar shi ya tafasa zai yi tauri kamar roba.

A nan ne na yi kuskurena na farko. Na sayi nonon da ake dama fura da shi na ɗora a wuta, na tace, abin da na samu bai cika ludayi ba. Dalili kuwa, shi nono an riga an kaɗe shi an cire man shanu, kuma sau da yawa ana ƙara masa ruwa, wasu ma har da ruwan garin ƙwalba don ya yi kauri. Ba laifi ba ne ga fura, amma ba ya ba da cuku. Ki nemi kindirmo mai kauri wanda cokali ke yanka shi.

Hanya ta uku, da madarar gari, ta awo. Wannan ta rani ce. Kun san da damina ciyawa ta wadata, nono ya yi araha, har a bi ka gida da shi. Da an shiga rani kuwa, makiyaya da yawa sun gangara fadamun kogin Haɗeja neman ɗanyar ciyawa da ruwa, waɗanda suka rage kuma shanunsu ba sa kawo nono sosai. To a lokacin sai ki dama kofi ɗaya na madarar gari da kofi uku na ruwa, ki dafa, ki bi matakan hanya ta farko. Tana tsinkewa lafiya. Sai dai ku sani, yawancin madarar awo an cire mata man shanu an maye da man itatuwa, saboda haka ƙamshin ba zai kai na rugga ba. Kuma ki yi lissafi tukuna. In kuɗin madarar ya fi na ƙwai huɗu, to ki sayi ƙwan kawai, ba dole.

Yanzu burodi. Ba sai kina da na'urar gasa burodi ba. Kaskon suya ya isa, a kan gas ko gawayi ko murhu. Ki yanka burodin da ɗan kauri, kamar faɗin yatsa. Burodin jiya ya fi na yau gasuwa, don ya ɗan sha iska. Ki shafa man shanu kaɗan a kaskon, ki ɗora, minti ɗaya zuwa biyu kowane gefe, har ya yi ja-ja. Dalilin gashin ba don ƙamshi kaɗai ba ne. Cukun yana da danshi, in kika ɗora shi a ɗanyen burodi sai ya jiƙe ya dagargaje a hannun yaro. Gasasshe kuwa yana da ɓawo da ke tare ruwa. Ni ina gasa burodin ne a lokacin da cukun ke tsanewa, shi ya sa aikin bai wuce minti 20. Gurasa ma tana yi, har ta fi riƙe ciki. Maigidana ya fi son ta da gurasa, ya ce burodi iska ne.

Sai abin ɗorawa a sama. Masu son yaji, ki yanka tumatir da albasa siriri, ki barbaɗa yajin ƙuli-ƙuli, ki ɗiga man gyaɗa kaɗan. Wannan kamar gurasa bandashe ce aka ƙara mata cuku, manya sun fi son ta. Masu son zaƙi, ki yanka dabino ko ayaba, ko ki ɗiga zuma. Mu Jigawa ba ma rasa dabino, ga na Dutse nan kusa da mu. Sannan riɗi. Allah ya hore mana riɗi a jihar nan har ana lodinsa zuwa ƙasashen waje, amma sau nawa muke sa shi a abincin yaranmu? Ki soya shi sama-sama ki zuba a kwalba, kullum ki barbaɗa cokali ɗaya. In akwai dafaffen zogale da ya rage, ki daddatsa ki cuɗa da cukun. Yarana da farko sun ƙi na zogale, yanzu sun saba.

Tsararin nan kuma kada ki zubar. Akwai sauran abin gina jiki a cikinsa, da wani kaso mai yawa na sinadarin kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi, don tsami yana fitar da shi daga cukun ya koma ruwa. Ki dama koko ko kunu da shi, ko ki kwaɓa fanke, ko ki zuba a miya. Wani abin kuma, yawancin sukarin madara, wanda ke sa wasu kumburin ciki da gudawa in sun sha ta, yana bin tsararin ne ya fita. Shi ya sa wasu da madara ke ɓata wa ciki suke iya cin cukun kaɗan ba matsala. Amma irin waɗannan su guji tsararin. Wanda kuma madara ke sa masa ƙaiƙayi ko kumburin fuska ko sarƙewar numfashi, wannan ya bar cukun gaba ɗaya.

To yanzu ku ba ni hankalinku, don wannan ɓangaren ya fi duk abin da na faɗa muhimmanci.

Na ɗaya, a tafasa madara. Na san akwai masu cewa ɗanyar madara mai ɗumin hantsa ta fi albarka. Amma saniya tana iya ɗauke da cuta ba a gani a jikinta ba. Akwai tarin fuka na shanu da ke kama mutum. Akwai ciwon da makiyaya ke kira bakkale, wanda ke sa saniya ɓari, in ya shiga mutum sai zazzaɓi mai tafiya yana dawowa, da gumin dare, da ciwon gaɓoɓi, a yi ta shan maganin maleriya ba sauƙi. Duk ta ɗanyar madara suke bi. Kamfanonin madara suna ɗumama ta zuwa digiri 72 na tsawon daƙiƙa 15 don kashe waɗannan ƙwayoyin, dabarar da ta samo suna daga masanin Faransa Louis Pasteur. Mu ba mu da ma'aunin zafi a kicin, saboda haka ma'auninmu shi ne ta tafasa ta taso. Tsamin lemo ba ya maye gurbin wuta. Haka in kindirmon saye ne kuma ba ki da tabbacin an dafa madarar, ki bar shi ya kai ga tafasa. Cukun zai yi ɗan tauri, amma gara tauri da kwanciya asibiti. Mai juna biyu musamman ta kiyaye wannan.

Na biyu, ba a ajiyar sa. Wannan kuskurena na biyu ke nan. Cikin bazara na yi da daddare don in huta da safe, na rufe a kwano. Gari ya waye ya yi yauƙi yana wani irin wari. Allah ya sa na shinshina kafin in ba yara, da ban san inda za a tsaya ba. Kindirmo yana iya kwana saboda tsaminsa yana kare shi, amma cukun lemo ɗanye ne mai danshi, ƙwayoyin cuta na son sa. A zafin garin nan da ke haura digiri 40 a watan Afrilu, in ya wuce awa ɗaya zuwa biyu a waje, a haƙura da shi. Don haka ba na sa wa yara shi a kwanon makaranta, a gida suke cinyewa. Mai firjin da wuta ba ta yankewa tana iya ajiye shi kwana 3 a rufe. In ya ragu kuma babu firji, ki matse shi ya dunƙule, ki yanka ki soya kamar awara, a ci da rana.

Na uku, tumfafiya. Wasu za su ce ai Fulanin da ke yin wara da ganyen tumfafiya suke tsinka madara. Gaskiya ne, kuma ga ta nan ko'ina a bayan gari. Amma su sun gaji abin, sun san awon. Ƙaron tumfafiya dafi ne, in ya faɗa ido yana iya lahanta gani. Kada garin neman gira a rasa ido. Lemon tsami ya ishe mu.

Na huɗu, jarirai. Wata shida na farko nonon uwa zalla, kamar yadda ake gaya mana a awo. Bayan wata shida ana iya ɗanɗana wa yaro cukun kaɗan, marar gishiri, a murƙushe. Zuma kuwa ba a ba yaron da bai cika shekara ɗaya ba ko ɗigo.

Sai tsabta, wadda ba sai na tsawaita ba. A wanke hannu da sabulu. Ƙyallen tata a wanke shi nan take, a zuba masa tafasasshen ruwa, a shanya a rana. Kada a haɗa shi da na wani aiki.

Wata za ta ce, duk wannan wahala, ina laifin ɗumamen tuwo, ko koko da ƙosai? Babu laifi ko kaɗan. Ƙosai wake ne, yana gina jiki, kuma ɗumame da miyar kuka mai daddawa ya fi ruwan bunu da burodi nesa ba kusa ba. Ni ma ba kullum nake yin cukun nan ba, sau biyu ko uku ne a mako, ranar da madara ta samu. Abin da nake jan hankali a kai shi ne gidajen da muka koma shayi da burodi saboda sauri, irin nawa. In dai burodin za a ci, to a ɗora masa abin da zai riƙe yaro zuwa tashi.

Ita kuwa 'yar tawa, bayan 'yan makonni na sake haɗuwa da malamarsu a gidan suna. Ban ma tambaye ta ba ta ce, "Maman yara, mutuniyar fa ta daina barci, yanzu surutu ne ya dame mu." Na ce Alhamdulillahi, wannan kuma ba ni da maganinsa, gado ne.

Ku gwada a ƙarshen makon nan da rabin lita tukuna, kada a yi asarar madara in hannu bai faɗa ba. Wadda nata ya ƙi tsinkewa, yawanci ɗayan biyu ne, ko madarar ba ta yi zafi sosai ba, ko tsamin bai isa ba. Ki mayar wuta, ki ƙara cokali ɗaya. Wadda nata ya yi tsami da yawa, ta ɗauraye shi da tafasasshen ruwan da ya huce tun yana cikin ƙyalle.

A nan za mu dakata. Wadda ta gwada ta ba mu labari, musamman 'yan'uwanmu na rugage da suka fi mu sanin madara, muna son jin yadda kuke yi a wajenku. A shiri na gaba, in Allah ya kai mu, za mu yi maganar yadda ake tace man shanu ya daɗe bai yi ɗaci ba. Allah ya ba mu abin da za mu ciyar da iyali, ya raya mana zuri'a.